Ni Na Buɗe Wa Sajan Ƙofa

"Ni ne, Wini... ni na yi wannan aikin."

Tizhe na zaune a dokin ƙofar gidansu da sarƙar kare a hannu, ƙafafunsa duk taɓo. Tun azahar yake zaga unguwa yana kiran suna ɗaya har muryarsa ta dushe.

"Na fita kasuwa da sauri, ban danna kwaɗon ba. Ni na saki Sajan."

"Kada ka ce haka, masoyi..."

"To wa zan ce? Wa kuma ya taɓa ƙofar nan?"

Na zauna kusa da shi.

Daga cikin gida muryar Mamansa ke fitowa, tana kuka tana faɗa a lokaci ɗaya.

"Kare na babanka! Abu ɗaya da ya bar mini! Ko kwaɗo ba ka iya rufewa, shi ne za ka riƙe mace?"

Tizhe ya sunkuyar da kai. Ni kuwa na dafa kafaɗarsa da hannun nan nawa, hannun da ya buɗe ƙofar da safe.

Bari in faɗa muku yadda aka yi, don na gaji da ɓoyo.

Sajan karen marigayi Baban Tizhe ne, tsohon ɗan sanda. Tun da Baba ya rasu shekara biyu da suka wuce, Mama ta mayar da karen abokin hirarta. Da shi take cin tuwo, shi take kai wa ƙarar matan unguwa. Sai dai Sajan na da hali ɗaya: ko yaya ya ga hasken ƙofa, ya fice. Saboda haka gidan ke da doka, ba a buɗe ƙofar waje sai an ɗaure shi a jikin bishiyar gwaiba. Tizhe ya gaya mini ya fi sau goma. Na san dokar sarai, ba zan yi wa kaina ƙarya ba.

Mama kuwa ba ta taɓa sona ba. "'Yar Poli" take kirana, don a kwalejin fasaha nake karatu. Ta taɓa kallon faratana ta ce wa maƙwabciyarta, ina ji, da Hausarta da ba ta raba mace da namiji, "Wannan yarinya bai iya riƙe tsintsiya ba." Wadda take so ɗanta ya aura ita ce Divine, 'yar garinsu, mai jan waƙa a ƙungiyar mawaƙan coci. Da ƙyar Tizhe ya shawo kanta ta yarda kawunansa su je gaisuwa gidanmu, saura mako biyu.

Maganar tsintsiyar nan ta tsaya mini a rai. A wajenmu, yarinyar da za ta shiga gida takan je ta share wa uwar miji tsakar gida, ta cika mata randa, ba tare da an sa ta ba. Sai na ce bari in nuna wa tsohuwar nan wace ce 'yar Poli. Ranar Asabar na san tana taron zumuntar mata a coci, Tizhe kuma na kasuwar shanu inda yake duba lafiyar dabbobi. Na ɗauko makullin da suke ɓoyewa ƙarƙashin tukunyar fure, na buɗe, na leƙa. Ban ga kare ba, sai na ɗauka a ɗaure yake.

Na wangale ƙofa na tokare ta da dutse, yadda muke yi a gida idan za a fitar da shara.

Ko tsintsiyar ban ɗauka ba!

Ashe a bayan duro yake kwance. Sai iskarsa na ji ta wuce ta gefen ƙafata. Na bi shi ina ihu, takalmi ɗaya a hannu, har bakin titi. Ya kutsa tsakanin kekuna, ya ɓace mini.

Tsoro ya kama ni. Na koma da gudu, na ture dutsen, na ja ƙofar, na mayar da makulli inda yake. Kwaɗon ma ban danna ba saboda sauri. Na tafi gida na kwanta kamar mara lafiya.

Haka na bar Tizhe da laifin.

Kwana uku ina raka shi nema. Kwana uku yana riƙe hannuna yana cewa, "Da ba ke, zuciyata, ban san yadda zan yi ba." Duk lokacin da ya faɗa sai in ji kamar in nutse a ƙasa. Mama ta daina amsa gaisuwarsa. Abincin da ta saba ajiye masa ma ta daina. Ya rame a idona, ni kuwa ina ta ce masa, "Za a gan shi, kwantar da hankalinka." Allah Ya yafe mini wannan bakin.

Ranar Talata da yamma ina dawowa daga makaranta, Divine ta tare ni a gaban shagon kitson yayarta, wanda ke kallon gidansu Tizhe.

"Amarya! Yaya neman kare?"

"Muna kai."

Ta yi murmushi, ta gyara ɗankwali.

"Kin iya gudu fa. Da takalmi ɗaya ma."



"Me kike nufi?"

"Ina zaune a nan ranar Asabar. Tun daga tukunyar fure har dutsen, duka na gani."

"Divine..."

"Kada ki roƙe ni, ba na son kuka. Abu ɗaya ne. Ki ce wa Tizhe kin fasa, ki kawo kowane dalili. Ni kuma bakina a rufe. Idan kin ƙi, ranar Lahadi bayan sujada a coci Mama za ta ji, a gaban mata."

Na tsaya ina kallonta. Na so in zage ta, wallahi na so. Amma me zan ce? Ita kwana uku ta yi shiru don tana jiran riba, ni ma kwana uku na yi shiru don ina tsoron asara. Ban ga wadda ta fi wata ba a cikinmu.

"Ba sai Lahadi ba," na ce.

Na tsallaka layin na buga ƙofa.

Mama na zaune kan tabarma tana tsince wake, kwanon Sajan a wanke kusa da ita. Tizhe na jingine da bishiyar gwaiba. Na durƙusa a tsakiyarsu.

"Mama, ni ce."

"Ke ce me?"

"Ni na buɗe wa Sajan ƙofa. Tizhe ya kulle, ya danna kwaɗo. Ni na zo daga baya zan yi miki shara..."

Na faɗi komai, ban rage ko dutsen ba.

Mama ta ajiye faifan a hankali.

"Shara," ta ce mini. "To ka share. Ka share mini gida kaf."

"Ki yafe mini, Mama..."

"Tashi ka fita. Maganar gaisuwa kuma babu."

Wannan ban yi mamaki ba. Fuskar Tizhe ce ta kashe ni. Ya biyo ni har zaure, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Kwana uku, Wini?"

"Tsoro na ji..."

"Kina kallona ina zagin kaina. Kina kallon uwata ta daina yi mini magana. Har kina share mini hawaye!"

"Na ji tsoron rasa ka ne."

"Kare kowa zai iya saki. Ni ma zan iya. Amma ki bar ni da shi a wuya, kina murmushi?"

Ya buɗe mini ƙofar da kansa. Ba wanda ya damu da ɗaure komai, don babu abin ɗaurewa.

Ban ƙara jin muryarsa ba sai bayan kwana shida. Na kira, bai ɗauka ba. Na tura saƙo, ya karanta ya yi shiru. Na yi kuka har ƙanwata Eva ta gaji da rarrashi ta ce in tashi in yi wani abu ban da jiƙa mata filo.

Na tashi kuwa.

Kullum bayan lacca sai in bi tashoshin keke da hoton Sajan a waya. "Ja ne, tsoho, kunnensa ɗaya a karye." Wasu su yi dariya, wasu su ce in haƙura, masu sayen karnuka sun riga ni. Duk wanda ya saurare ni sai in bar masa lambata.

Sannan na je wajen Malam Zailani kafinta, dattijon da ke bakin layinsu, wanda Mama ke girmamawa tun zamanin Baba.

"Baba, ƙofa nake so. Ƙarama, iya ƙugu, a ƙarshen zaure ta ciki. Mutum ya shigo ya rufe ta waje, sannan ya buɗe ta biyu."

Ya leƙo ni ta saman tabarau.

"'Yata, karen da ake yi wa ƙofar ai na ji ba ya nan."

"Zai dawo."

"Shekara talatin ina aikin katako, yau na fara yi wa kare ƙofa. Karen ma da ba ya gida." Ya girgiza kai yana dariya. "To, za a yi."

Washegari da yamma ya ba ni labari. Mama ta tambaye shi wa ya aiko shi, ya faɗa mata. Sai ta janye masa tabarma don ya sami wurin aiki.

A rana ta tara da ɓatan Sajan, ina cikin aji wayata ta yi ƙara. Wani mai keke ne, Levi.

"Sista, akwai wani jan kare a ƙarƙashin gada wajen mayo, kogin nan. Amma fa bai iya tashi."

Na bar jakata a aji.

Shi ne. Yana kwance cikin ciyawa, haƙarƙarinsa duk a waje, ƙafar baya ta dama ta kumbura tana wari. Mota ko keke ta taka shi, Allah kaɗai Ya san tun yaushe. Ya ɗago ido ya kalle ni, ni da na jawo masa.

"Sajan... yi haƙuri..."

Na cire gyalena na rufa masa zan ɗauka. Zafi ya sa ya kafa mini haƙora a hannu. Na yi ƙara, amma ban sake shi ba. Levi na cewa, "Sista, ajiye shi!" ni ina cewa, "Ja mu tafi!"

Kasuwar shanu muka nufa. Tizhe na tsakiyar duba wani bijimi ya hango ni, kare a ƙirji, jini har gwiwar hannu. Ya yar da abin da ke hannunsa.

"Wini!"

"Shi tukuna. Duba shi tukuna."

"Hannunki..."

"Na ce shi!"

Ya karɓe shi. Da shi da likitansu suka daɗe a ciki. Da ya fito sai ya zauna kusa da ni a benci, ya jawo hannuna yana wankewa da sabulu.

"Zai rayu. Amma ƙafar ta ruɓe, sai da muka cire."

Na fashe da kuka.

"Da na faɗa tun ranar... da mutane da yawa sun bi hanyar da ya bi. Ni kaɗai na san ta titi ya yi, na bar ku kuna neman bayan gari."

Bai ce ba haka ba ne. Ya ci gaba da wanke ciwon.

"Daga nan asibiti, sai an yi miki allura."

"Ka yafe mini?"

Ya ajiye sabulun.

"Na yi fushi, Wini. Har yanzu da saura. Amma kwana shidan nan, duk abin da na gani sai in ce bari in gaya wa Wini." Ya ɗago ido. "Kada ki ƙara ɓoye mini. Ko gidan kika ƙona, ki zo ki faɗa, mu tsaya tare a zage mu."

"Ba zan ƙara ba, masoyi. Na rantse."

Bayan mako guda ya zo gidanmu da babur.

"Mama na kiranki."

"Don me?"

"Ba ta gaya mini ba."

Da muka isa, ƙofar waje a buɗe take, ta cikin a sakace. Sabon katakon Malam Zailani na ƙamshi. Ta samansa na hango Mama a kan tabarma, Sajan na ɗingisowa wajenmu da ƙafa uku, yana kaɗa wutsiya. Ya iso ƙaramar ƙofar, ya tura ta da hanci, ta ƙi.

Na tsaya a bakin ƙofar waje.

Mama ta kalli bandejin hannuna, ta kalli fuskata.

"Za ka tsaya a waje kamar mai talla? Shigo. Rufe na farko kafin ka buɗe na biyu."

Na shiga, na rufe, na buɗe, na durƙusa.

"Ban manta ba," ta ce. "Kullum na ga ƙafar nan zan tuna. Amma ka zo da bakinka ka faɗa, ka ɗauko shi da hannunka. Ka gaya wa babanka, ranar Asabar kawunan Tizhe suna zuwa."

Aka yi gaisuwa, aka yi biki a watan Disamba. Divine ma ta zo, ta zauna a baya.

Yanzu shekararmu ɗaya a gidan nan. Mama ta koma kirana da sunana, Tizhe bai taɓa tayar mini da maganar ba. Sajan kuwa ni ya fi bi a duk gidan, ko ina na sa ƙafa yana baya. Ni nake ba shi abinci, ni nake masa wanka. Idan na ji takunsa a kan siminti, uku, uku, har yau sai na ajiye abin da nake yi.