Hasken Yamma a Gonar Wan Sulong

Wan Sulong mai zane ne a wani ƙauye na jihar Kelantan, kuma bai yarda da zanen cikin ɗaki ba. Cewa yake hasken gaskiya na tsakanin la'asar sakaliya da magariba ne, lokacin da ruwan gonar shinkafa ke yin ja. Kwana arba'in yana tsayar da 'yarsa Rohaya a gindin wata tsohuwar bishiyar kwakwa yana zana ta. Sauro ya cije ta, ƙafafunta su kumbura a laka, ba ta da ikon motsi.

Wata rana da almuru, uwarta Mek Jah na zuba shinkafa da busasshen kifi, sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufi. Wani ya sake faɗowa, jiƙe da laka. Kwaɗin gona suka daina kuka baki ɗaya. Rohaya ta ajiye kwanonta, ta juya ga ubanta, ta yi dariya da muryar tsohuwa.

Kwana uku ba ta ci ba, jifa bai tsaya ba. Mek Jah ta ɗauko Tok Deraman, dattijon da ke yi wa mutanen ƙauyen ruƙiyya. Ya zauna a tabarma ya yi ta karatu, har yarinyar ta sandare.

"Wace ce ke?" in ji shi.

"Mai gindin kwakwa. Uban yarinyar nan ya kafa sandar allon zanensa a idon ɗana. Kullum sai ya ƙara dannawa."

"Bai sani ba. Me za a yi ki fita?"

"Ya ƙona zanen yanzu a gabana, in tafi hannu wofi. In ya ƙi, zan tafi, amma da abin hannu."

Mek Jah ta miƙa wa mijinta ashana. Ya kalli allon da ke jingine da bango, ya daɗe yana kallo.

"Tok, fuskar kawai ta rage," ya ce. "Yamma ɗaya nake roƙo."

"Kai, ka ji tsoron Allah! 'Yarka ce a kwance!" in ji Tok Deraman.

"Ba za a sake samun wannan hasken ba sai baɗi."

Muryar ta ce, "Na ba ka yammar." Rohaya ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki.

Da ta farka, fitila na ci daf da fuskarta. Ta laluba ta kama gefen zanin uwarta.

"Inna, a kunna fitila mana."

Mek Jah ta ɗora hannu a ka. Tok Deraman ya ɗauki sandarsa ya sauka daga matakalar gidan, ko sallama bai yi ba.

Washegari da la'asar, Wan Sulong ya ja hannun Rohaya zuwa gona. Ya juya fuskarta ta kalli rana sosai, ya koma bayan allonsa ya dube ta.

"Yauwa," ya ce. "Yanzu ba kya ƙifta ido."