Kilo Hamsin da Takwas

Rana na daf da faɗuwa Mai Tef ya koma sito, wai ya manta makullin babur ɗinsa. Haka ya faɗa wa mai gadi. Makullin kuwa yana cikin aljihunsa.

Shekara goma sha tara yana auna kayan mutane a kamfanin nan na aika kaya. Tsawo, faɗi, tudu, a ɗora a sikeli, sannan a yanke kuɗin aikawa. Tef ɗin awonsa ba ya barin ƙugunsa, har ya cinye sunansa na gaskiya. Sai ga shi wata uku da suka wuce an kawo na'ura. Ka ɗora kwali a kan bel ɗin roba mai tafiya, ya bi ta ƙarƙashin wata jar fitila, kafin ka ƙifta ido ta tofo 'yar takarda mai manne ɗauke da awo da farashi. Aka mayar da Mai Tef mai ɗora mata kwali. Abin ya ci masa rai ƙwarai, amma ya haɗiye, don dama haɗiya ya fi ƙwarewa a kai.

To, ita ma na'urar sai ta ɓullo da nata salon. Kowace yamma bayan an tashi, takan fitar da takarda guda wadda babu kayanta. Ba mai aikowa, ba mai karɓa. Manaja, wanda bai fi sa'an ɗan Mai Tef na fari ba, ya kira shi ofis.

"Baba, na'ura ba ta ƙarya," in ji shi, yana kaɗa biro. "Kai ke rufe sito. Wani kaya yana bi ta nan, kuɗinsa yana sauka a aljihun wani. In na sake ganin takardar nan gobe, ka ajiye mana makulli."

Ko takardun bai nuna masa ba. Shi ya sa Mai Tef ya dawo, ya gane wa idonsa ɓarawon da zai raba shi da aikinsa.

Sito shiru. Warin gam da na kwali mai danshi. Kwanon rufi yana ƙas-ƙas, yana sakin zafin rana. Da hannunsa ya kashe na'urar daga bango ɗazu, ya duba, tana nan a kashe. Ya raɓe bayan wani tulin kaya ya tsuguna.

Bai kalli kusurwar hagu ba. Shekara biyu ke nan ba ya kallonta. A nan kaya suka rufto wa ƙaninsa Auta, lebura, wata yamma da aka riƙe su bayan tashi ba tare da an rubuta sunansu ba. Kamfani ya ce Auta ba ya kan aiki ranar, shigowa ya yi don kansa, saboda haka babu diyya. Shaida ɗaya suke nema, wanda zai ce haka ne. Aka turo wa Mai Tef takarda da biro, aka tuna masa yana da 'ya'ya biyar. Ya sa hannu.

Hasken tagogin sama ya yi ja, ya fara dusashewa.

Sai ya ji wari. Man zafi. Irin wanda Auta yake shafa wa bayansa kowace yamma, har a riƙa tsokanarsa wai tsoho ne a jikin yaro.

Ƙit.

Jar fitilar ta kama.

Mai Tef ya dubi bango. Makunnin yana nan a kashe.

Bel ya motsa, a hankali, yana ƙara kamar an ɗora masa nauyi. Babu komai a kansa. Amma tsakiyarsa ta lotsa, kuma lotsawar tana tafiya.

Ya miƙe bai san ya miƙe ba. Ya matsa.

Jan layin hasken da ya saba kwanciya sambal a kan bel ya lanƙwashe. Ya hau wani abu. Yatsun ƙafa. Ya sauka, ya sake hawa. Gwiwa. Ƙirji, da wani rami a gefen hagu inda bai kamata a ga rami ba. Haɓa. Hanci.

Na'urar ta yi tsiiit, ta tofo takarda.

Ya yage ta. Tsawo santimita ɗari da sittin da takwas. Faɗi arba'in da huɗu. Nauyi kilo hamsin da takwas.

Ya san tsawon nan. Shi ya auna shi, da tef ɗin nan na ƙugunsa, ya faɗa wa masu haƙa kabari. Nauyin ma ya sani. Kullum da safe Auta yakan yi tsalle ya hau sikeli yana dariya, allura ta tsaya a wuri guda.

"Yaya."

Muryar a kusa da kunnensa take, ƙasa-ƙasa, mai sanyi.

"Yaya, nawa za a aika ni?"

Wasan Auta ne na kan sikeli. Amma babu dariya a ciki. Ko shi ne, ko wani abu ne da ya zauna a kusurwar nan ya ari muryarsa, Mai Tef bai sani ba. Ya buɗe baki zai yi addu'a, harshensa ya ƙi tashi.

"Ka ce ba na nan."

Tef ɗin ya zare kansa. Fiii. Bakin tef ɗin ya maƙale a bel. Bel ya ja.

Mai Tef ya faɗa a kai, rub da ciki. Ba a kan roba ya faɗa ba. Sanyi, da ƙashi, da man zafi.

Bel ya juya da baya. Jan hasken ya hau dugadugansa. Ya hau ƙwaurinsa. A allo lambobi suka fara ƙirga shi. Talatin. Hamsin. Saba'in.

"Auta, ka yi haƙuri! 'Ya'yana!"

"Ni ma ina da biyu."

Casa'in.

Ya sa hannu biyu ya fizgi tef ɗin daga ƙugunsa. Maɗaurin ya tsinke. Ya mirgino ƙasa, kafaɗarsa ta bugi siminti. Sunan Allah ya ƙwace daga bakinsa. Ya rarrafa, ya tashi, ya ruga, kwalaye suna zubowa a bayansa.

Mai gadi ya tsince shi a bakin ƙofa, ba takalmi ɗaya, takarda a dunƙule a hannunsa.

Washegari ya shiga ofis ba sallama, ya ajiye ta a gaban Manaja.

"Ka ce ba ta ƙarya. To wannan awon ƙanina ne. Yana nan ranar, a kan aikinku yake. Ni ne na yi ƙarya."

Manaja ya dubi takardar, ya dubi ƙofa, ya yi murmushi.

"Haba Baba. Ƙarfe ne fa, yana kuskure. Za a kira mai gyara."

Aka kira mai gyara, ya saita ta yadda ba za ta ƙara fitar da takarda bayan tashi ba. Mai Tef kuma aka sallame shi, aka rubuta cewa kansa ya taɓu. Aikin da ya sayar da ƙaninsa don ya riƙe, ko shekara uku bai ƙara masa ba. Masu shara sun ce har yanzu bel yakan lotsa da yamma, sai dai yanzu ba a rubutawa.

Ranar da ya ɗauke takardar ya fito daga ofis, bai nufi gida ba. Ya je wurin matar Auta. Ya tarar da ita a bakin keken ɗinki, tana haɗa tarin kayan makarantar 'ya'yan wasu. Ya durƙusa, shi da yake babba, ya miƙa mata takardar, ya faɗa mata komai.

Ba ta yi kuka ba. Ta karanta lambobin sau biyu, ta shafa su da babban yatsa, ta manna takardar a jikin keken.

"Ni na haɗa masa abincin tafiya aiki ranar, Yaya. Na san inda yake." Ta mayar da ƙafarta kan feda. "Shekara biyu ina jira in ji daga bakinka. Ƙarfe ma ya riga ka faɗa."