Minti Huɗu a Siton Taki

Ranar Litinin da hantsi Hajiya Kulu, shugabar ƙungiyar manoman masara, ta sa aka buɗe siton ƙungiya da ke bakin hanyar Funtua zuwa Bakori. Mata da maza sun yi layi a waje, kowa na jiran rabonsa na takin zamani. Da ta shiga sai ta tarar tarin buhunan gefen yamma yana nan har kusa da rufi, gefen gabas kuwa babu komai sai katakon da ake jera buhuna a kai. Rabin takin ya tafi, ga masara ta kai gwiwa, ganyenta ya fara yin ruwan ɗorawa.

Sufeto Adawiyya ce aka turo daga Funtua. Mace ce marar hayaniya, wadda abokan aikinta kan yi wa tsiya wai rabin hankalinta kullum yana wani gari. A Gozaki ta tashi, kuma ƙamshin ƙasa bayan ruwa ba ya barinta ta tsaya a inda take. A hanya ma, tana kallon gonaki suna shuɗewa ta tagar mota, kore bisa kore har inda gajimare ya sauko ya taɓa su, sai da direba ya kira ta sau biyu kafin ta lura sun iso.

Sakataren ƙungiya, Malam Talha, shi ya tarbe ta. Lokacin ya sauka daga babur ɗinsa, wanda aka ɗaure lambarsa ta gefe guda da igiyar buhu. Mutum ne mai tsafta da lafazi mai daɗi. Ya nuna mata kyamarori biyu: ɗaya a waje tana kallon babbar ƙofa, ɗaya a ciki bisa ginshiƙin tsakiya tana kallon gabas. Sannan ya buɗe mata hoton ranar Juma'a a wayarsa. Ƙarfe ɗaya da minti goma na rana buhuna suna nan cif. Hoton ya ɗauke. Bayan minti huɗu ya dawo, babu ko buhu ɗaya, sai bango fari da ƙaramar ƙofar baya, wadda da buhunan suka kare ta.

A waje tuni magana ta bazu cewa mutanen ɓoye ne suka kwashe, don ɗan Adam ba ya ɗauke buhu ɗari biyu kafin tukunya ta tafasa. Malam Talha ya yi murmushi ya ce shi bai yarda da wannan ba, amma wanda ya kafa na'ura ai ya san yadda zai sa ta yi ƙarya. Ya ƙara da cewa ana ta raba wa masu gona takardun rabo, shi ya sa tun Juma'a bai samu ya duba wayar ba.

Ta fara da maigadi, Baba Haladu, dattijo mai ciwon gwiwa da ke dogara sanda. Ya ce shi a babbar ƙofa yake zama, kuma tun da aka zuba takin ba a buɗe ta ba sai yau. Ranar Juma'a ya tafi masallaci kamar kowa.

"Baba, ba ka taɓa jin motsi ta baya ba?"

"'Yata, in ruwa na dukan wannan kwanon, ko shanu aka yanka a ciki ba zan ji ba. Kuma kwana tara ke nan kusan kullum sai an yi da rana."

Ta tambaye shi makullin ƙofar baya, ya ce bai taɓa riƙe shi ba. Ɗaya na wajen Hajiya, ɗaya a ofishin ƙungiya cikin gari. Hajiya Kulu ta ciro nata daga cikin lalitarta, ta ce makonni biyun nan a asibitin Malumfashi ta yi su tana jinyar 'yarta da ta haihu. Wani kofur da ya rako Adawiyya ya buga waya can, aka tabbatar masa da haka.

Da azahar aka kawo Zubair, wanda ya kafa kyamarorin. Yana da ƙaramin shago a Funtua, kuma wannan ne babban aiki na farko da ya taɓa samu. Da ta tambaye shi dalilin da kyamarar ciki ta fi ta waje girma da nauyi, sai bakinsa ya buɗe. Ya ce takin zamani ba abin wasa ba ne. Yana cin ƙarfe kamar gara da itace, in kuma wuta ta kama a inda aka tara shi, ba sito kaɗai za a rasa ba. Shi ya sa aka rufe kyamarar cikin kwanson ƙarfe mai kauri, wayarta ta bi ta cikin bututu, aka toshe mashigarta da roba don kada tartsatsi ya fito. Makunnin wutar ma a waje ya sa shi, a bangon baya. Mariƙin da ya riƙe ta a ginshiƙi, da gwiwar da take juyawa a kai, da notuna huɗun da suka ɗaure gwiwar, duk na farin ƙarfe ne wanda ba ya tsatsa.

"Kowace sifana tana kwance su?"

"A'a, ranki ya daɗe. Kansu irin tauraro ne, sai da tasu sifanar. Ɗaya tana jakata. Ɗayar tana cikin akwatin kayan da na miƙa wa ƙungiya, ko ledarta ban yage ba."

Ya ce ya gama aikin tun kafin a kawo takin, kuma bai sake taka wurin ba. Ba shi da wanda zai shaide shi ranar Juma'a, don shi kaɗai ya je wani ƙauye duba sola. Adawiyya ta ce a zaunar da shi a mota.

Daga nan ta karɓi wayar Malam Talha, ta zauna a kan katako cikin siton, ta ce kada wanda ya dame ta. Kofur ya ɗauka za ta sake kallon minti huɗun nan ne. Ita kuwa baya ta koma, mako uku, ta sa hoton yana gudu. Ba abin da ke motsi a ciki, buhuna ne kawai fari tas, jere bisa jere. Sai dai a tsakiyar rufin akwai kwano guda mai barin haske, kuma kowace rana wani ɗan haske mai kusurwa huɗu yakan sauko kan buhunan, ya rarrafa a hankali kamar wani mai neman wurin kwanciya, sannan ya ɓace. Ta tuna ɗakin kakarta a Gozaki, inda rana ke shigowa ta hudar jinka, tana yarinya tana kwance tana bin ta da ido har barci ya ɗauke ta. Kakar ba ta da agogo. Da wannan hasken take sanin la'asar ta yi.

Tana cikin wannan tunanin ta ga abin. A kwanakin farko, bayan azahar hasken ke sauka kan buhunan. Wata Laraba hoton ya ɗan ɗauke na 'yan mintuna, kamar yadda wuta kan yi wasa. Daga ranar, duk safiyar da gari ya washe, da hantsi hasken ke zuwa. Ta ɗaga kai ta dubi rufin. Lokacin rana ta karkata, ga hasken nan kwance a gabas, kan katakon da babu komai.

Ta sa aka jingina tsanin sito da ginshiƙi, ta ɗaure gyalenta ta hau da kanta. Mariƙin yana sheƙi, notuna uku suna sheƙi. Na huɗun ja ne wur da tsatsa, har ya zubo da jan zane a jikin farin ƙarfen. Robar da ke toshe mashigar wayar ta zame, ana hango jan ƙarfen waya a ciki. Ta kira Zubair ya hau ya gani. Da ya sauko bai ce komai game da kansa ba, roƙonta kawai ya yi a kashe wutar nan take, a kuma janye mutanen da ke layi nesa da bango. Ta sa aka yi hakan.

A bayan siton kofur ya sami sawun amalanken shanu da ruwa bai gama shafewa ba, ya ratsa gefen gona ya hau hanyar kasuwa. Adawiyya ta aike shi ya bi sawun, ita kuma ta ce Hajiya da Malam Talha su raka ta ofis ta ga akwatin kayan.

Ofishin ɗaki ɗaya ne a cikin gari. Malam Talha ya ciro akwatin daga kabad, yana cewa tun ranar da aka kawo shi bai fita daga nan ba. A ciki akwai robobin canji, da ɗaurin bututu, da sifanar mai kan tauraro. Ledarta a yage take. Adawiyya ta juya ta a tafin hannu. Ɗigo-ɗigon tsatsa sun fito mata, a lungun akwatin kuma ga ƙwayoyi farare guda uku kamar gero.

"Malam, ka ce bai taɓa fita ba?"

"Ko sau ɗaya."

"To me ya kawo taki cikinsa?"

Ya ce wataƙila daga hannun Zubair ne. Ta tuna masa cewa Zubair ya miƙa akwatin kafin buhu ko ɗaya ya iso. Sannan ta tambaye shi yaushe notin lambar babur ɗinsa ya faɗi. Ya ce ya daɗe, ba zai tuna ba. Ta fito da jan notin da Zubair ya kwance mata, suka fita waje tare, ta warware igiyar buhun, ta zura shi. Ya zauna daram, kuma shi da ɗan'uwansa na ɗaya gefen kai ɗaya ne, har da ragowar baƙin fenti. Malam Talha ya zauna a bakin dakali ya cire hularsa.

Hajiya Kulu ta ce ita har yanzu ba ta gane yadda aka yi minti huɗu ya isa ba. Adawiyya ta ce mata ba minti huɗu ba ne, kwana tara ne. Ranar Laraba ya zo ta baya ya kashe wuta, ya shiga ta ƙaramar ƙofa, ya bi ta tsakanin bango da buhuna, ya hau tsani ya juya kyamarar yamma. Tarin biyu iri ɗaya ne, bangon ma iri ɗaya, mai kallon waya ba zai bambance ba. Daga nan duk ranar da ruwa ya sauko sai amalanke ya zo ya ɗiba. Ranar Juma'a, da Baba Haladu ya tafi masallaci, ya maido ta gabas, don a ce na'urar ce aka yi wa dabara, laifi ya hau kan mai kafa ta. Abin da bai lissafa ba shi ne rana. Da safe haskenta yamma yake faɗawa, da yamma gabas. Sai kuma notin da ya suɓuce masa cikin buhuna tun ranar farko, ya cike gurbin da na babur. Zubair yana da irin na asali a jakarsa, kuma ya san baƙin ƙarfe ba ya mako a wurin taki. Da shi ne, ba zai ja waya har robar ta zame ba, don ya san abin da tartsatsi ɗaya zai yi.

Hajiya ta daɗe tana kallon Malam Talha. Shekara goma sha ɗaya yana riƙe mata takardun ƙungiya. Abin da ta ce kawai shi ne, "Mutum nawa ne a jikin bangon siton yau da safe, Malam?" Daga baya ya faɗi shagon da ya kama haya kusa da kasuwa. Kofur ya riga ya isa can, ya tarar da mafi yawan buhunan ba a kai ga sayarwa ba.

Washegari, bayan Zubair ya sake robar ya sa sabon noti, aka yi rabon. Adawiyya ta zo karɓar sa hannun Hajiya, ta tsaya a inuwa tana kallon buhuna suna watsuwa cikin gonaki a kan kekuna da jakuna. Can wajen ƙarshen layi wata tsohuwa ta karɓi nata guda biyu, ta tsaya tana waige-waige. Daga wani ƙauye mai nisa ta taho tun asuba, kuma labarin abin da Talha ya yi bai kai can ba. Ta tambayi Hajiya ina Talha, ai ɗanta ne, ya yi mata alkawarin shi zai kai mata gona.

Hajiya ta dubi Adawiyya, Adawiyya ta dubi ƙasa. Zubair ne ya ajiye jakarsa, ya sunkuya ya ɗora buhu ɗaya a kafaɗa.

"Inna, nuna min hanya," in ji shi.

Adawiyya ta miƙa wa kofur takardun, ta bi bayansu. Ta san kafin su kai bakin gona dole wani ya gaya wa tsohuwar, kuma ba ta so ta ji daga bakin 'yan kasuwa.