Inuwar Mangwaro a Garkar Siddo

Siddo ya fara ganin Zuliha ne wata safiyar Talata, yana ban ruwan albasa a garkar babansa da ke bakin gulbi. Ya ɗaga kai sai ga budurwa tsaye a ƙofar shinge da goyo, yara sun jeru a bayanta, kowanne ya riƙe ƙulli ɗaya na wani dogon zane.

Shekarar da soja suka karɓi mulki ce, aka rufe gadar Malanbil da ke kan iyaka. Siddo ya yi karatun lakwal har ya samu takardar shaidar birebe, yana cike wa direbobi takardun duwan, wato kwastan. Da gada ta tsaya, aikinsa ya tsaya, ya dawo garka. Dama can ba mai yawan magana ba ne, sai ya ƙara yin shiru.

Ta gaishe shi, ta ce ita 'yar Malam Seyni masunci ce. Matan da ke tsallakar da kaya a kwale-kwale ne suke bar mata 'ya'yansu a gida, daga safe zuwa la'asar, ita kuma kullum takan fita da su kafin rana ta yi zafi. A da filin bayan tasha take kai su. Yanzu manyan motoci sun cika shi, ga baƙin mai a ƙasa, ga soja. Inuwar mangwaro take roƙo, awa ɗaya kawai.

"Su nawa ne?" in ji Siddo.

"Ba a ƙirga su. Uwayensu ba su so. Sunayensu nake kira."

Ya ƙirga a zuciyarsa. Tara, har da na goye.

Ba ta sake su nan take ba. Ta ba shi bakin zanen ya riƙe, ta cire takalmi ta zaga wurin da ƙafa, tana tsintar ƙaya da fasasshen kwalba. Da ta kai rijiya ta tsaya, ta ce ko ya rufe bakinta ko su koma. Ya jawo katakon wani tsohon kwale-kwale ya ɗora, ya danne da duwatsu. Sai a lokacin ta kira sunaye ɗaya bayan ɗaya, yaran suka watse.

Haka aka shiga yi kullum. Suna gina shanun laka, suna korar ƙadangaru, suna ban ruwa da gwangwanin tumatir har su jiƙa kansu. Siddo ya kwaso yashi daga gulbi buhu-buhu ya zuba a gindin mangwaro. Ya tashi fangali biyu na albasa don wurin ya yi faɗi, babansa ya yi faɗa kwana biyu ya gaji.

A sati na uku ta ba shi lambar salularta, wai don in maciji ya fito ya sanar da ita. Daga nan suka shiga aika wa juna saƙo.

"Mai garka, yau Ajuma ta cinye tuwonta ba kuka. Uwarta ta ce me nake ba ta. Na ce iska."

"Innar tara, gwaiba ta nuna. Ku zo da wuri."

"Na ce maka ba a ƙirgawa."

Wata safiya, tana wanke wa wani yaro ƙafa, ya tsaya kusa da ita da bokiti a hannu.

"Ina son ki, Zuliha. Ban iya dogon zance ba."

"Na lura," ta ce, ba ta ɗago ba. "Gajeren ma ya isa. Zuba ruwan."

Rufe gadar da ya karya Siddo shi ya tashi wani mai suna Rabo. Kwale-kwale uku masu inji gare shi, yana yawo da shadda ko ranar aiki. Ya je wurin Malam Seyni da magana biyu. Yana son Zuliha, kuma in ta shiga gidansa ta huta da jan 'ya'yan mutane cikin rana. Sannan ya ƙara da cewa gari na faɗin kullum tana garka da wani saurayi marar aiki.

Siddo ya ji maganar a wurin mai shayi, da gishiri a kai. Ya kwana yana juya ta. Washegari ya buɗe ƙofar garka, ya share wuri, ya tafi kafin su iso. Ya zauna a mashigar kwale-kwale yana kallon ruwa har sai da ya tabbata sun koma. Kwana uku yana haka. Bai gaya mata dalili ba, don kunyar maimaita abin da aka faɗa a kanta. Sai ga saƙonta.

"In mun gundure ka, ka faɗa. Ba sai ka gudu ba."

Ya rubuta amsa ya goge, ya sake rubutawa ya goge. Rana ta huɗu ba su zo ba. Da azahar saƙo ya shigo.

"Baba ya hana fita. Ya ce saurayin da ya ji magana ya ɓace, akwai abin da yake ɓoyewa. Ya ba Rabo izinin zuwa zance. Kada ka ƙara rubuto mini."

Bai rubuta ba. Labarin gidan yana zuwa masa ta bakin Hajjo, uwar Ajuma, wadda ke sayen ganyen salati a wurinsa. Gidan Malam Seyni ƙarami ne, tsakar gidan ba ta fi tabarma huɗu ba, kuma a nan tsohon yake gyaran komarsa. Yaran sun cukurkuɗe komar. Sun jefa hularsa a randa. Barcin rana ya ƙaurace musu, sai cizo da kuka, in an mayar da su gida kuma uwayensu su kasa runtsawa. Rabo ya zo zance sau ɗaya, aka shafa masa kunu a shadda, ya ce ai ga irin wahalar da yake son raba ta da ita. Zuliha ta ce masa ba ta tuna ta roƙi kowa hutu ba. Amma Hajjo ta ce kada Siddo ya yi murna, don ko sunansa ba ta son ji, kuma mace mai fushi tana iya amsa wa kowa.

Duk da haka kullum sai ya share gindin mangwaron ya baje yashi. Ya kuma kafa ɗan shingen kara tsakanin wurin wasan da gangaren gulbi, abin da ya daɗe yana cewa zai yi.

Rana ta shida da hana su fita ya ji hayaniya a kan hanya. Malam Seyni ne riƙe da bakin zane, yara na jan sa, Zuliha a baya da goyo, fuska a ɗaure. Tsohon ya gaji ne ya ce shi da kansa zai kai su inuwar masallaci. Da suka iso mararraba yaran suka karkata hagu gaba ɗaya, ya ja, suka ja, suka fi shi yawa.

Siddo ya durƙusa ya gaishe shi. Malam Seyni ya amsa a taƙaice, ya miƙa wa 'yarsa zanen, ya zaga wurin a hankali. Ya taka katakon rijiya. Ya girgiza shingen karan. Ya daɗe yana kallon sawun tsintsiya a kan yashi.

"Wa ka share wa nan, bayan ka san na hana?"

"Ban san ranar da za su dawo ba, Baba."

"To me ya kore ka?"

Siddo ya ce an ɓata sunanta ne saboda yana wurin, shi ya sa ya ɗauka in ba ya nan za a ƙyale ta.

"Sai ka bar ta ita kaɗai da yara tara a bakin ruwa."

Wannan bai taɓa faɗo wa Siddo ba. Ya dubi gangaren.

"Baba, ba a ƙirga su," in ji Zuliha.

"Ni na ƙirga. Kwana shida ina ƙirgawa."

"Kuskure na yi," Siddo ya ce. "Da gidanka ya kamata in zo tun ranar."

Tsohon ya zauna a kan tushen mangwaro. Yaran sun riga sun manta da shi, suna tonon yashi. Ya ce Rabo ya yi alkawarin zaunar da ita a gida, shi kuma fa, me zai yi da waɗannan in an ba shi ita?

"Aikinta ne, Baba. Ni ƙofa nake buɗewa."

Malam Seyni ya juya ya tambayi 'yarsa ko tana da magana. Ta gyara goyo, ta kalli ƙasa.

"Ka tambaye shi ko zai ƙara gudu."

"Ba zan ƙara ba."

"Ni ba kai na tambaya ba," ta ce, amma bakinta ya riga ya saki murmushi.

Tsohon ya ce ya turo magabatansa ranar Juma'a. Sannan ya jingina da itacen, kafin a yi minti goma barci ya kwashe shi.

An ɗaura auren bayan an cire albasa, wata Asabar da hantsi, a ƙofar gidan Malam Seyni. Ranar babu ɗaya daga cikin uwayen yaran da ta tsallaka gulbi. Suka haɗa murhu suka dafa shinkafa da kifi, suka raka amarya ɗakin da Siddo ya gyara a gidan babansa, yaran na biye da sababbin riguna. Liman ya roƙa musu zaman lafiya da zuri'a ta gari. Da aka shafa, Hajjo ta leƙa ɗakin ta ce wa amarya da ango:

"Allah ya ba ku naku. Amma Litinin da safe zan kawo tawa."

Zuliha ta amsa da amin daga cikin mayafi. Siddo ma ya ce amin.