Na'a-na'ar Ɗan Azumi

Ranar kasuwar Tarka Ɗan Azumi ya fara ganin Hajjo, tana sayar da albasar garkar mahaifinta. Saukarsa ke nan daga kamyo, babbar motar Agadas, riƙe da jiƙaƙƙen tsumma.

"Me kake lallaɓawa haka kamar jariri?" ta tambaya.

"Na'a-na'a ce daga Abzin. Can tsakanin duwatsu take, ba ta wuce faɗin faifai. Karɓi ki dasa, ƙanwata."

Ta dasa ta gefen fangalin albasa, dab da rijiya. Duk mako sai ga shi, wai ya zo duba shuka. Shuka kam ko kallo ba ta samu.

Kafin sanyi ya wuce, na'a-na'a ta bi magudanar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa, ta shaƙe fangali bayan fangali. Albasa ta tsumbure. Da ita gidan ke ci har damina.

Jika, maƙwabcinsu da ya daɗe yana son Hajjo, ya raɗa wa mahaifinta, Malam Mailafiya, cewa da gangan aka yi.

"Kada in sake ganin yaron nan a ƙofata!" in ji Malam.

Ɗan Azumi ya aiko gwaggonsa Tabawa wurin Hajjo da saƙo: "Hasken idona, wallahi a Abzin ba haka take ba. Can dutse ya tare ta, ruwa kaɗan. Ban san ƙasarku za ta sangarta ta ba."

Hajjo ta mayar: "Masoyina, Baba ba ya jin bayani, aiki yake gani. Zo da fartanya."

Ya zo. Malam bai amsa sallamarsa ba, amma bai kore shi ba. Ɗan Azumi ya yi ta tono, duk guntun saiwar da ya bari sai ta sake tsiro, har tafin hannunsa ya yi bororo. Hajjo kuwa ta kwashe wadda ya cire, ta dasa cikin fasassun tukwane inda ba ta da wurin gudu.

Wata safiya Jika ya leƙo kallo. Malam ya miƙa masa fartanya, nan take Jika ya tuna an aike shi garin Belbeji.

Malam ya yi dariya har da tari. Ya kama hannun Ɗan Azumi ya duba.

"Albasar bana ta tafi, ɗana. Amma ka turo magabatanka."

Bayan girbin gero aka ɗaura aure. Da za a kai amarya, Malam ya dafa kanta.

"Allah Ya ba ku zaman lafiya. Kai kuma, in ka sake tafiya, tsarabar dabino ta ishe mu."