Jirgin da Ya Sauka Babu Ƙara

Ana gab da kiran magariba Kyaftin na zaune a falo, yana sake ba surukinsa labarin da kowa a gidan ya haddace: yadda mai ya ƙare masa a sama, injuna suka mutu, ya lallaɓa jirgin ya dire shi a wani fili da babu gida babu fitila, ko ƙwarzane fasinja bai yi ba. Mutum ne mai son yabo, tun ranar bakinsa bai huta ba.

Sai dutse ya faɗo kan rufin kwano. Wani ya biyo. Warin man jirgi ya cika falon har idanu suka fara yaji.

Daga ranar gidan ya daina riƙe mai. A cika janareta da yamma, kafin a jima ya bushe ƙayau. Tukunyar gas sabuwa ta mutu da girki a kai. Kyaftin ya kori mai gadi, ya zagi bakanike, ya koma kan matarsa wai ita ce mai ɓarna. Ita kuwa ba ta raga masa ba.

"Jifan ma ni nake yi? Je ka dubi 'yarka."

Auta, 'yar tasu, tana tsaye a tsakiyar ɗakinta, hannuwa a ware kamar fukafukai, ko ƙiftawa ba ta yi. Ta daina ci, kullum ƙara zubewa take, sai ka ce ita ma zuƙe ta ake yi. Nan tsoro ya kama Kyaftin, irin wanda bai ji ba ko a sama.

Surukin ne ya kawo malami mai ruƙiyya. Ya yi karatu har muryarsa ta dishe, sannan yarinyar ta buɗe baki da muryar tsohuwa.

"Ka ishe ni, Malam."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Tambayi ubanta. Wa ya ce masa filin babu kowa? Kullum jirage na wuce mu, mu ji ƙararsu mu kwashe yara. Nasa shiru ya zo, kamar ɓarawo. A kan jikata tayarsa ta sauka."

"Injin ne ya mutu!" in ji Kyaftin. "Rayuka ne cike da jirgin!"

"Namu ciyawa ne ko? An ce ka ƙara mai kafin ka tashi, ka ce ka fi kowa sanin hanya."

Matarsa ta juyo ta dube shi. Wannan ba ya cikin labarin da yake bayarwa.

"Rai da rai," in ji muryar.

"Ƙarya kike," in ji Malam. "Yarinyar nan ba ta ci nanin ba, nanin ba za ta ci ta ba. Faɗi wani abin, ko in ci gaba da karatu."

Ya soma jan wata aya, sai muryar tsohuwar ta katse shi.

"To ya bar sama. Ƙafarsa ta sake taka jirgi, ko a fasinja, in dawo in tafi da ita."

Malam ya dubi Kyaftin. Kyaftin ya dubi ƙasa. Tun yana yaro bai taɓa son komai kamar tashi ba, shi ke nan abin da yake taƙama da shi. Ya buɗe baki ya rufe.

"Tunani ma kake yi?" in ji matarsa.

Da ƙyar ya ce, "Na yarda."

Hannuwan Auta suka zube, warin ya ɗauke. Uwar ta rungume ta tana kuka. Kyaftin ya durƙusa ya miƙa hannu zai shafa kanta, yarinyar ta kauce.

"Baba, ina jin komai fa," ta ce a hankali. "Me ya sa ka daɗe ba ka amsa ba?"