Dashen Da Ya Sha Ruwan Wanki

A unguwar Mabera akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Gidansu babu inuwa ko kaɗan. Da can akwai ƙaton dogon yaro a ƙofar gida, amma babanta ya sare shi ya gina shago. Shagon na ciniki, wannan ba musu. Sai dai tun daga ranar zafi ya tare a gidan. Kakarta, Inna Dijatu, kullum tana rakuɓe a jikin bango tana fifita.

Wata rana Malama Sadiyatu ta raba wa 'yan aji dashen itatuwa. Yarinyar ta samu dogon yaro, ta dasa shi a tsakar gida.

"Wanga naki ne, Inna," in ji ta.

Dasawa ba wuya. Ban ruwa shi ne aiki. Famfonsu ya yi wata biyu ko ɗigo babu. Sai ta je rijiyar burtsatse, ta bi layi, ta ɗauko jarka a ka. Ranar Sakkwato kuwa ba ta san wasa ba. Kafin ta iso gida wuyanta ya sage. Ta gaji, gajiya ta gaske.

Ran Asabar ta wanke kayan makaranta da garin sabulu da bilic, ruwan nan mai sa kaya fari. Ta dubi ruwan wankin, ta dubi jarka.

"Ruwa ai ruwa ne," ta ce a ranta. Ta juye shi a gindin dashen. Washegari ma ta ƙara.

Bayan kwana uku ganyen ya yi ɗorawa, ya fara zuba.

"Ke, mi kinka ba iccen ga?" in ji Inna.

Ta sunkuyar da kai. "Ruwan wanki. Na gaji da ɗauko ruwa."

"Ke kina iya shan shi?"

"A'a."

"To, shi ma yana da rai."

Kunya ta kama ta, ga baƙin ciki. A makaranta ta faɗa wa Malama gaskiya.

"Bilic guba ne ga saiwa," in ji Malama. "Ki kwashe ƙasar, ki zuba sabuwa, ki ba shi ruwa mai tsabta. Amma ban ce lalle zai tashi ba."

Ta yi duka. Har hannunta ya yi kanta. Da ta gama, ta zube kusa da Inna.

"Inna, wallahi wuyana ba ya iya jarka biyu."

Inna ta turo mata wata tsohuwar roba. "Mu shida ne gidan ga, kowa na alwala sau biyar. Duk ƙasa ke shanye ruwan a banza. Tara shi."

Daga nan kowa a kan robar yake alwala, har Baba. Yarinyar kuma tana kai wa dashen ruwan.

Sati ɗaya, shiru. Sati biyu, tsinke ne kawai a tsaye. Har ta fid da rai.

Wata safiya ta zo juye roba, sai ga 'yan ganye uku kore shar a jikin tsinken. Ta kamo hannun Inna ta kawo ta.

Inna ta duƙa ta daɗe tana kallo.

"Ya yafe miki," in ji ta. "Amma ki riƙe wanga. Komai gajiya, kada ki zuba wa ƙasa abin da zai kashe mai rai."

"Na riƙe, Inna," in ji yarinyar. Ta juye masa ruwan a hankali.